Tafin Hannun Inna

Da Kadijatu ta buɗe kwallar da aka aiko mata, turaren da ke ciki ya bugi hancinta har sai da ta kau da kai. Atamfa ce turmi uku, da sabulu, da man shafawa, sannan a can ƙasa ga hoton Alhaji Maikuɗi da kansa, ya jingina da motarsa ta ɗaukar katako, ya washe haƙora kamar mai tallar asuwaki. Wai hoto! Mutum ya rasa abin da zai aiko wa matar da yake nema sai fuskar da take gudu.

Ta mayar da murfin, ta ture kwallar da ƙafa.

"Ɗauki ki kai ɗaki," in ji Inna, tana tankaɗe ba ta ko ɗago kai ba.

"Inna, na ce ba na so."

"To me kike so? Malamin daji mai gajeren wando, wanda kekensa ma na gwamnati ne?"

Labaran take nufi. Shekararsa biyu da zuwa Kusasu yana gadin gandun daji, wata bakwai kuma yana neman auren Kadijatu, amma har yau ba a yarda ya wuce zaure ba. Laifinsa biyu ne. Ba shi da komai sai albashi, sannan bara ya kama masu zarton Alhaji Maikuɗi suna kayar da maɗaci a inda ba a ba su izini ba. Kawu Wakili kuwa, ƙanin Inna, shi ke samar wa Alhaji leburori, a nan yake cin tuwonsa.

Ita Kadijatu ba yarinya ba ce da za a ɗaura mata aure tana kuka a ƙuryar ɗaki. Bazawara ce, mijinta soja ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ta je Zariya ta koyo aikin ungozoma ta dawo gida. Kowa ya san sai wanda ta zaɓa. Shi ya sa ba su nemi tilasta mata ba, suka nemo inda ke mata ciwo suka danna.

Kawu Wakili ya yi sallama ya shigo yana karkaɗe babbar riga.

"'Yata, kin ga saƙo? To wannan somin taɓi ne. Alhaji ya ce gobe zai zo da kwanon rufi cike da mota, har da siminti. Ɗakin haihuwar nan da kike ta wahala a kansa, kafin sati biyu kin gan shi yana ƙyalli."

"A bakin me, Kawu?"

"Haba, wace irin magana ce wannan? Sadaka ce."

"Sadaka ce ta zo da hoto?"

Kawu ya yi tsaki. "Ke dai dubi gabas in kin fita da yamma. Ruwa ya kusa. Ginin ƙasa ne kuka yi, ba rufi. Ruwan farko in ya sauka, wahalar matan ƙauye bakwai ta narke ta bi kwata. Sai ki je ki gaya musu saboda mai gajeren wando ne."

Hawaye ya cika idonta. Ta juya wajen mahaifiyarta.

"Inna, don Yaya Ma'u fa nake wannan aikin. Ke kika haife ta. Kowace mace a Kusasu ta zo ta sa hannunta a bulo, har matan ƙauyen Kazage sun tako da ƙafa, ke kaɗai kika ƙi. Yanzu kuma ni za a sayar a sayi kwano?"

Inna ta ci gaba da tankaɗe. "In kin gama, miƙo mini ƙwaryar can."

Wannan shi ya fi ƙona ran Kadijatu. Shekara uku ke nan da aka ɗauki yayarta Ma'u a amalanke bayan kwana biyu tana naƙuda, aka kai ta bakin titin Kaduna ana jiran mota, ta cika a gindin ɗorawa kafin motar ta zo. Ranar Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ma'u 'yar fari ce, tun haihuwarta Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "waccan" ko "yarinyar nan". Kadijatu ta san kunyar 'yar fari, ta taso ta ga ana yi. Amma kunyar da za ta bi mutum har kabari, wannan kam a wurinta taurin zuciya ne kawai aka sa wa suna mai daɗi.

Ta ɗauki gyalenta ta fice.

* * *

Ginin yana bayan kasuwa, ɗaki biyu da rumfa, bango uku sun tsaya, na gaba ne kawai aka bari. Babu kuɗin gwamnati a cikinsa ko kwabo. Dabaru ne kawai na waɗanda ba su da shi.

Da kaka kowane gida ya ba da damin dawa guda. Susanna, shugabar zumuntar matan coci, ita ta kawo shawarar a raba wa mata 'yan tsaki, kowacce ta yi kiwon ɗaya da sunan ɗakin haihuwa, ranar gidauniya a kawo a yi gwanjo kamar yadda suke yi a bikin godiyar kaka. Matan Fulani suka ce man shanun kowace Alhamis na ginin ne. Labaran ya bi masu amya cikin daji ɗaya bayan ɗaya har suka yarda da zumar amya guda-guda.

Amma abin da ya girgiza mutane dabarar Kadijatu ce. Duk wanda ya ba da wani abu, ko ƙwai biyu ne, za a buga masa bulon jar ƙasa, ya danna tafin hannunsa a kai tun yana ɗanye, ya faɗi sunan macen da ya rasa a wajen haihuwa, Labaran ya rubuta da ƙusa a ƙasan hannun. Da waɗannan za a gina bangon gaba, ba yaɓe, ba fenti. Ba ta san yawan matan da aka rasa ba sai da ta ga layin ya kai bakin kasuwa.

Ta tarar da Labaran shi kaɗai yana gyara jerin bulon. Da ya ga idonta ya ajiye na hannunsa.

"An yi miki maganar," ya ce.

"Kai ma ka ji?"

"Kawu ya tare ni a hanya. Ya ce in ina ƙaunarki da gaske, in nemi canjin wurin aiki."

"Me ka ce masa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ƙasar da ke yatsunsa. Wannan ya tsorata ta fiye da duk maganganun Kawu.

"Kadijatu, jiya na ga walƙiya ta gabas. Abin da za a samu a gwanjon gobe ba zai rufe ko ɗaki ɗaya ba, kin sani, na sani. Matar Audi cikinta wata takwas. In ginin nan ya rushe, aka sake ɗora wata a amalanke, da wane ido zan dube ki? Za ki riƙa kallona kina tuna abin da na jawo."

"Au, kai ma?" in ji ta. "Kai ma ka zauna ka auna ni da kwano, ka ga kwano ya fi nauyi?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi! Shi ya sa mini farashi, kai kuma ka ce ya yi daidai. Wallahi Labaran, da ka ce ka daina sona da ya fi mini sauƙi. Mutumin da in ya zo zance sai ya tofar da tuƙar goro a gefen tabarmata, ya kirga mini motocinsa, ya tambaye ni ko na iya dambun nama. Bai taɓa tambayar sunan yayata ba. Shi kake miƙa ni gare shi, wai kai mai tausayi?"

Hawaye ya zubo masa shi ma, bai share ba.

"In na rasa ki ban san inda zan sa kaina ba. Ko abinci ban iya ci ba tun jiya. Amma ki gaya mini yadda zan yi, ni ba ni da kwano."

"Ban ce ka kawo kwano ba. Cewa na yi kar ka gudu."

Ta juya don kar ya ga yadda fuskarta ta lalace, sai idonta ya faɗa kan wani bulo a can saman jerin, an naɗe shi da buhu an ɗaure da igiya.

"Wancan fa na wace ce?"

"Amana ce aka ba ni."

"Mace?"

"Mace," ya ce. "Don Allah kar ki tambaye ni."

Ta dube shi sama da ƙasa. Yau dai duniya ta haɗu a kan ta ɓata mata rai. Ta ja gyalenta ta tafi ba sallama.

* * *

Washegari tun da hantsi filin ya cika. Kaji a cikin akurki, tulunan zuma, ƙoren man shanu, ga matan coci da ɗankwalayensu iri ɗaya, ga matan aure a bayan zana suna leƙe. Susanna ta hau turmi da ƙararrawa a hannu, gwanjo ya kankama.

Abin gwanin daɗi. Wani tsoho ya taya zakara, surukinsa ya ƙara sisi a kai, aka yi ta ihu ana zuga su. Wanda ya saya ya sake mayar da zakaran ya ce a ƙara sayarwa. Har Kadijatu ta fara murmushi.

Sai ga ƙarar mota.

Alhaji Maikuɗi bai tsaya a bakin fili ba, sai da direbansa ya kutsa tsakiyar mutane, akurki biyu suka kife, kaji suka watse. Ga kwano fal a baya yana ɗaukar ido. Maroƙi ya diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, yana ta kwarara kirari, wai ga mai daji, ga mai rufa asirin ƙauye. Shi kuma gogan ya fito da ƙyar, gajere mai tumbi, rigar shadda tana jan ƙasa, takalminsa na fata yana ƙara.

"Nawa aka taya kazar can?" ya tambaya.

"Sule huɗu, ranka ya daɗe," in ji Susanna.

"Fam guda."

Maroƙi ya kwarma ihu. Aka ɗago ta gaba, ya ce fam guda. Aka ɗago tulun zuma, wani manomi ya buɗe baki zai taya, Alhaji ya ɗaga hannu. "Bar wahalar da kanka, malam. Duk abin da ke filin nan na saya. Ku kwashe ku kai mota."

Shi ke nan wasa ya mutu. Tsohon nan da ya kwance bakin lalitar kuɗinsa ya mayar ya ƙulle. Matan da suka yi wata biyar suna kiwon kaza don su ga yadda maƙwabta za su yi rububinta suka tsaya suna kallon yaran mota suna cusa su a buhu kamar tsumma.

"Alhaji zai yi jawabi!" Kawu Wakili ya yi shela. "A kawo abin hawa!"

Turmin Susanna ya yi masa tsawo, ba kuma zai hau abin da mace ta sauka a kai ba. Yaransa suka waiga, suka ga jerin bulo a kusa. Kafin a ankara sun fara sauke na sama, har da mai buhun nan, suka fizge buhun suka kifa shi a ƙasa.

"Kai! Kar ku taɓa wannan!" Labaran ya taho a guje daga wajen awaki.

Kawu ya tare shi da ƙirji. "Nan ba gandun daji ba ne, malam. Koma gefe."

Alhaji ya taka ya hau. Ya tsaya da takalmi a kan hannayen mutane, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, na ga ƙoƙarinku, na talaka. Amma wasan yara ya ƙare. Ga kwano, ga siminti. Wannan shafe-shafen hannu da kuka yi, abin kunya ne baƙo ya gani, za a shafe shi da siminti tas, a yi fenti, a rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Kuma duk wannan," ya nuno Kadijatu da sandarsa, "saboda amaryata na yi, ga ta can. Ku taya ni murna."

Maroƙi ya buɗe baki zai yi guɗar da ba a sa shi ba. Idanun fili duka suka juyo kanta. Kadijatu ta ji kamar an watsa mata ruwan kwata a gaban jama'a.

Alhaji ya buga ƙafa don ya jaddada maganarsa. Bulon ƙasa kuwa ba a yi shi don ɗaukar mai tumbi ba. Na ƙarƙashin dugadugansa ya ce ƙas, ya rabe biyu. Ya yi tangal-tangal, yaransa suka tare shi. Wani abu ya fito daga cikin ɓaraguzan, ya gangara yana juyi, ya faɗi a gaban zanar mata.

Awarwaro ne na jan ƙarfe, mai lanƙwasa a gefe guda.

Kadijatu ta san shi. Ita ta lanƙwasa shi da haƙori tana ƙarama, Ma'u ta bi ta da gudu har bayan rumbu. Yana hannun Ma'u ranar da aka ɗora ta a amalanke.

Ta durƙusa ta juyo ɓarin bulon. Tafin hannu ne na mace, an danna shi da ƙarfi har ya yi zurfi, ƙaramin yatsan guntu ne, irin na wadda lauje ya taɓa sara. A Kusasu kaf mace ɗaya ce mai wannan hannun. A ƙasansa ba a rubuta suna ba.

Ta ɗago ta dubi Labaran.

"Da sassafe ta zo, wata biyu ke nan," ya ce a hankali. "Ta kawo ƙwai shida. Na tambaye ta sunan da zan rubuta, ta daɗe a tsaye, ta kasa. Ta ce kar in gaya miki."

"Mene ne abin tsayawa?" in ji Alhaji yana karkaɗe riga. Ya sa ƙafa ya shure ɗaya ɓarin. "Ƙasa ce fa. A kwaɓa wata."

Zana ta motsa. Inna ta fito.

Matar da ba ta taɓa tsayawa a gaban taron maza ba ta ratsa fili ba ta kalli kowa ba. Ta sunkuya ta ɗauki awarwaron, ta goge shi da bakin zaninta. Ta tsinci ɓarin da aka shure, ta karɓi na hannun Kadijatu, ta haɗa su tana ƙoƙarin daidaita yatsun. Suka ƙi haɗuwa, tsakiyar ta zama gari.

"Yaya, koma ciki," Kawu Wakili ya raɗa mata. "Kar ki ba mu kunya."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Wakili, kwallar tana bakin ƙofa. Ka biya ka ɗaukar masa, har da hoton."

"Yaya, kin san abin da kike yi? Rufin fa?"

"Ya taka mini 'ya," ta ce. Muryarta ba ta ɗaga ba, amma har na bayan fili sun ji. "Sau ɗaya na binne ta, ban yi kuka ba. Yau ya taka ta da takalmi ya ce ƙasa ce. Wanda ya yi wa matacciya haka, me zai yi wa mai rai?"

Fuskar Alhaji ta kumbura. "To ku rufa da hannayen naku! Direba, tayar da mota!"

Susanna ta buga ƙararrawa. "Kajinmu dai a sauke su tukuna, ranka ya daɗe. Ga kuɗinka, ba mu sayar ba."

Motar ta juya da kwanonta, maroƙi ya bi ta a guje yana riƙe da hula, Kawu Wakili na biye yana kiran "Alhaji, tsaya mana a yi magana!" Ba wanda ya yi dariya. Duk sun ga abin da Kadijatu ta gani: can gabas, a saman dajin, hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin.

"Jinka za mu yi," in ji wani tsoho daga cikin taron. "Kowane gida ya kwance ciyawar da ya tanada."

"Ba za ta isa ba," wani ya amsa.

"To a kwance ta rumbuna."

Kadijatu ba ta san ko za su riga ruwan ba. Ƙila su riga shi, ƙila ya riga su. Tana durƙushe tana kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar gindin ɗorawa, ta riƙe ƙafar mahaifiyarta tana cewa, "Inna ki yafe mini, ban sani ba, wallahi ban sani ba."

Inna ta waiga wajen mai gajeren wandon da ba ta taɓa bari ya wuce zaure ba.

"Ɗana, akwai sauran ƙasa?"

Labaran ya tsaya kamar bai ji daidai ba. Sannan ya ruga. Ya kwaɓa, ya cika akwatin bulo, ya shafe samansa, ya kawo ya ajiye a gabanta.

Ta sa awarwaron a tsakiya, ta ɗora tafinta a kai, ta danna da dukan ƙarfinta. Da ta ɗaga, ga guntun yatsan nan ya fito sarai.

Labaran ya ciro ƙusa daga aljihu, ya durƙusa.

"Wane suna zan rubuta, Inna?"

Leɓunan tsohuwar suka motsa sau biyu ba sauti. Can nesa aka yi tsawar farko ta shekara.

"Ma'u," ta ce, hawaye na gangarowa. "Rubuta Ma'u, 'yata."